Hauya a Ɗakin Naɗar Murya

Ban taɓa mantawa da ranar da na shiga ɗakin naɗar murya na yi noma a cikinsa ba. Ƙananan ma'aikata sukan tambaye ni abin da ya yaga kafet ɗin da ke gaban makirufo na biyu. To ga yadda aka yi.

A lokacin ni ne babban mai karanta labarai a gidan rediyonmu na Gusau. Da damina ta kama, Shugabar Sashen Shirye-shirye, Hajiya Rabi, ta ba ni shirin manoma, wanda na daɗe ina nema. Ƙa'idar gidan ita ce kowane sabon shiri sai da take, wato gajeruwar waƙar da ake buɗe shi da ita. Ta ce in ba a naɗi taken ba kafin a gama noman farko, za ta ba wani filin, ni kuma ta ƙara mini karanta cigiyar awaki da jakuna.

Na tafi Kwatarkwashi wurin Baba Labbo, tsohon makaɗin gangar noma. Ya yarda, amma da sharaɗi.

"Ni ba ni yi ma mutum waƙa shina tsaye shina kallon agogo," in ji shi. "Mai shiri shi shiga cikin 'yan amshi."

'Yan amshi su ne masu karɓa wa makaɗi idan ya ajiye baiti. Ni kuwa ko a firamare, in ana waƙa, baki kawai nake motsawa.

Na fara neman ilimin a waya. Na samo wata baturiya mai koyar da waƙa a intanet, wadda ta ce a soma kowace safiya da kaɗa leɓe, burrr, kamar babur mai wuyar tashi. Ina cikin yi a banɗaki, uwargida ta ƙwanƙwasa ta ce ga shayin citta, kuma in abin bai lafa ba mu je asibiti.

Ranar Asabar na koma wurin Baba Labbo. Ya ba ni amshin: "Ummaru, gonarka ba ta da iyaka." Ummaru shi ne Sarkin Noman unguwarsu, kuma a bakin gonarsa muke zaune. Na nuna da hannu na ce, "Baba, ai ga iyakar can, wajen gamba."

"Malam Bashir, amshi ka zo yi ko awon fili?"

Na gyara murya na rera. Ya saurara har na dire, sannan ya ce, "Wanga labarun ƙarfe bakwai ne."

Gaskiyarsa. Mai karanta labarai an horar da shi ya ja numfashi a waƙafi, ya sauke murya a aya, ya ba kowace kalma haƙƙinta daidai. Haka na yi wa Ummaru da gonarsa, kamar ina sanar da naɗin kwamishina.

Baba Labbo bai ƙara bayani ba. Ana gayya a gonar, sai ya karɓi hauya ya danƙa mini, ya cusa ni tsakanin manoma biyu.

"Kada ka rera komi. Yi noma."

Ganga ta ɗauka, muka duƙa. Can na lura amshin yana faɗowa ne daidai lokacin da hauya ta sari ƙasa, numfashi kuma sai an ɗago. Kafin mu kai ƙarshen kunya, na ji bakina yana amshi da kansa, don ba ni da sauran numfashin da zan kashe a waƙafi.

"Madalla," in ji Baba. "Ka iya. Kada ka sake yi da wayo."

Ranar naɗar taken ya zo Gusau da gangarsa da 'yan amshi biyu. An ba mu ɗakin zuwa sha biyun rana, lokacin labarai, waɗanda ni ne zan karanta. Injiniya Sabi'u ya kunna jar fitila, alamar an fara naɗa. Ina ganinta, tsohuwar tarbiyya ta dawo: na miƙe ƙyam, na karanta amshin. Aka sake, na sake karantawa. Hajiya Rabi tana bayan gilashi, tana duba agogo tana duba ni.

Baba Labbo ya ajiye sandar kiɗa ya ce, "A samo mashi hauya."

Aka aro ta maigadi, wanda ke noman kuɓewa a bayan ofis. Na cire babbar riga. Sabi'u ya sauke makirufo har gwiwata. Na yi niyyar kwatantawa kawai a iska, amma da ganga ta yi zafi, hauya ta sami kafet. Aka naɗi taken tashi ɗaya, ba gyara.

Hajiya ta shigo, ta dubi kafet, ta dubi zufata.

"Malam Bashir, shiri ya zama naka. Wannan kuma ina jiran bayani a rubuce."

Daga nan na wuce na karanta labarai ina haki. Wani mai sauraro daga Tsafe ya bugo waya yana tambaya ko lafiya, ko biyo ni aka yi.

Abin da na koya shi ne, numfashin da nake taƙama da shi na takarda ne, kuma kowane aiki da inda yake ba mai shi damar shaƙa. Tun daga lokacin, idan manomi ya tsaya a tsakiyar magana a shirina, ba na tsoma baki, kuma ba na bari a yanke shirun wajen tacewa. Na san inda ya koyo tsayawar.

Bayanin da na miƙa wa Hajiya kuwa layi ɗaya ne: "An yi noman farko." Ta sa hannu, ta rubuta a ƙasa cewa kada a yi maimai.