Ranar da Jikana Ya Suɓuce Daga Hannuna

Akwai ranar da ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, ita dai ba za ta fita daga raina ba. Ranar sunan jikana na fari ce, a gidanmu da ke Zuru, shekarun nan da wayar hannu ta fara shigowa gari, mutum sai ya hau tudu kafin ya samu sabis.

A lokacin ban cika hamsin ba, amma wanda ya hango ni ta baya zai rantse na ba sittin baya. Tela ce ni. Shekara ashirin da ɗoriya ina kan keken ɗinki tun hantsi har la'asar, in Sallah ko Kirsimeti ta matso kuwa ba a magana. Kasuwa aike nake yi, ruwa a ɗebo mini, shara yara su yi. A ganina hutu ne Allah ya ba ni. Bayana ya ranƙwafa, ƙuguna kullum cikin ciwo, in zan tashi daga tabarma sai na dafa ƙasa, na dafa gwiwa, na haɗa da salati. Na ɗauka haka girma yake zo wa kowa.

Ɗiyata ta fari, wadda ke aure a Dirin Daji, ta zo gida haihuwa, Allah ya ba ta namiji. Ranar suna tsakar gida ta cika da mata. Ina zaune a tabarma rungume da jariri, ana ta zolayata wai na yi sabon ango, sai aka ce ga dangin uban yaro sun iso. Na so in miƙa musu shi da kaina. Hannuwana biyu suna riƙe da yaro, ba abin dafawa. Na yunƙura, na kai rabi, sai na ji tsakiyar jikina ta saki kamar buhun da aka zazzage. Na yi baya, na yi gaba, ƙafata ta harɗe da zane. Da idona na ga yaron ya bar ƙirjina.

Maƙwabciyarmu ce ta cafe shi. Kirista ce, matar wani tsohon soja da ya rasu, kowa a unguwa Mama yake ce mata. Ta girme ni nesa ba kusa ba, amma har lokacin da kanta take noma gonarta a gindin dutse. Ban san yadda ta yi ba, na dai gan ta durƙushe, yaro a hannunta, ni kuwa ina kwance cikin kwanonin tuwo. Abin da na ji kawai shi ne muryar ɗiyata daga ɗaki: “Inna!”

Ko ƙwarzane yaron bai yi ba. Ni ce na ji ciwon da ba a gani. Duk kwanakin jegon nan, in na miƙa hannu zan ɗauke shi, sai ɗiyata ta ce a hankali, “Inna, zauna tukuna in miƙo miki shi.” Ba da rashin kunya take faɗa ba, kuma gaskiyarta ce. Abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Maigidana ya kai ni asibiti. Aka auna jini, aka duba ido da kunne, likita ya ce bai ga wata cuta ba, zama ne ya yi mini yawa, in riƙa motsa jiki. Na fito ina tunanin samarin da ke gudu a bakin titi da safe. Ni da jika, ina ni ina wannan?

Bayan ɗiyata ta koma ɗakinta, wata safiya Mama ta shigo ta same ni a kan keke.

Ta ce, “Tela, tashi tsaye. Ɗaga ƙafa ɗaya.”

Na ɗaga. Kafin ta ƙirga uku na kama bango. Ita kuwa ta tsaya da ƙafa ɗaya tana gyara ɗaurin ɗankwalinta.

“Ba ƙafarki ce da laifi ba,” in ji ta. Ta bubbuga mini ciki, ta bubbuga ƙugu. “Nan ne ya yi barci. Shi ke riƙe da mutum, ke kuwa kujera kika bar wa aikin.”

Ta ba ni labarin lokacin da mijinta ya ji ciwo a baya suna bariki. Wata ma'aikaciyar asibitin sojoji ce ta koya masa wasu motsi, ita Mama ke tsare shi yana yi wata da watanni, har ita ma ta haddace su. Ta ce in shimfiɗa tabarma.

Na kwanta rigingine, na naɗe gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ta ce in tsuke ciki kamar mai ɗaura zanen da ya yi mata kaɗan, amma kada in riƙe numfashi, sannan in ɗaga ƙugu sama. Wallahi ranar farko ko tafin hannu ba zai wuce ta ƙarƙashina ba. Jikina ya hau rawa, hawaye ya zubo mini. Mama ta ce, “Rawar nan alheri ce, farkawa yake. Amma in kin ji ciwo mai suka, ki tsaya, ki faɗa mini.” Daga nan sai rarrafe: hannu da gwiwa a ƙasa, in miƙe hannun dama da ƙafar hagu, in sauke, in canza. Na ƙarshe shi ne tsayuwa da ƙafa ɗaya ina dafe da turmi.

Muna cikin rarrafen nan wata rana maigidana ya yi sallama ya shigo. Ya tsaya yana kallonmu, ya ce, “Lafiya? Allura ce ta faɗi?”

Mama ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, “Malam, da tumbin nan naka, kai ma tabarma na jiranka.” Ya fice yana dariya.

Ba zan ce ban karaya ba. Mako na uku jikina ya yi tsami, masu kawo ɗinki kuma suka fara tsokanata wai na shiga soja da tsufana. Sai na daina. Kwana shida ina kawo wa Mama uzuri. Rana ta bakwai ta shigo ta zauna a kujerar kekena, ta naɗe hannu, ta ce, “Yau ba ɗinki sai an yi.” Ta kuma kafa mini doka: duk rigar da na gama, in tashi in zagaya tsakar gida kafin in ɗauki wata, cefane kuma in je da ƙafata.

Sauƙin bai zo da shela ba. Wajen wata na uku, ina sallar azahar, na tashi daga zaman tahiya na miƙe, sai da na kai ruku'u na tuna ban dafa komai ba. Da na sallame na daɗe zaune ina murmushi ni kaɗai. Ciwon ƙugu bai tafi duka ba, amma ya daina hana ni sakat.

Da damina ta yi nisa na hau babur zuwa Dirin Daji, hanya duk ramuka da taɓo, na sauka ba wanda ya riƙe ni. Na tarar da ɗiyata tana daka, yaro na kuka a tabarma. Ban yi shawara da kowa ba, na durƙusa na ɗauke shi, na miƙe tsaye, na saɓa shi a baya. Ta tsayar da taɓarya tana kallona. Na jira ta ce in zauna. Sai ta shiga ɗaki ta fito, ta ce, “Inna, ga majanyi.”

Mama ta koma wurin ɗanta da zama shekaru da suka wuce, muna gaisawa ta waya. Har yanzu gaisuwarta ta farko ita ce, “Tela, kin yi na yau?” Nakan yi, kusan kullum bayan na karya, wani lokaci da mata biyu ko uku na unguwa da suka gaji da ciwon baya.

Abin da na koya shi ne, da yawa daga abin da muke ɗora wa shekaru, zama ne ya jawo shi. Jiki amana ce, in ka daina sa shi aiki sai ya manta aikin. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ban musa ba. Amma mutum ba icce ba ne: ni ina dab da hamsin na fara, kuma na miƙe.