Ƙyauren da muka tashi da shi zuwa Dungas

Jiya jikana yake faɗa mini zai bar Damagaram da iyalinsa, kuɗin haya sun fi ƙarfinsa. Na tambaye shi ko zai tafi da ƙyaure. Ya ɗauka tsufa ne.

Zamanin Nasara, ina yarinya, ɗaki guda muke haya a Magarya, Baba yana ɗinki. Da cinikin gyaɗa ya buɗe, mai gidan ya yi ta ƙara mana haya, don 'yan kasuwa na neman wurin ajiye buhuna. Baba ya ce mu koma Dungas, inda ƙanensa zai ba mu fili.

Ranar tashi, Baba ya ciro ƙyauren katakon ɗakin ya ɗaura wa jaki. Sai ga mai gidan.

"Malam Idi, ƙyauren fa?"

"Ɗaki naka ne, Alhaji. Ƙyaure ni na saya."

"To gyaɗar haka za ta kwana a buɗe?"

"Tunda ta fi ni iya biyan haya, ta sayi nata."

A Dungas bukkar kara muka samu, ba inda za a kafa shi. Inna ta riƙa shanya kuɓewa a kai. Da Baba ya samu halin gini, ƙyauren ya fara aunawa, sannan aka ta da bango daidai da shi.

Ɗakin na nan, ba wanda ya sake tashinmu. Ku da kuka taɓa tashi daga haya, me kuka ƙi bari?