Kasat ɗin Inna Tsahara

Ƴan uwana matasa, kafin in lalace ni mai gyaran rediyo ne a kasuwar Tasawa. Hannuna yana da kyau, amma bakina ya fi hannun. Duk wanda ya kawo rediyo sai ya zauna, kafin in gama liƙa waya ya gaya mini rabin abin da ke cikin gidansa. Ban tambaya ba, kunne kawai nake ba su.

Shekarar da ruwa ya ƙi, zamanin soja, wa zai gyara rediyo cikinsa na kuka? Ran nan wata mata ta tsaya a rumfata neman ruwan sha. Na gane ta, don mijinta ya taɓa ba ni labarinta. Sai na ce na yi mafarki da ita, na zayyana mata damuwarta tiryan-tiryan. Ta durƙusa, washegari ta kawo mini tiyar hatsi. Wallahi da wasa na fara. Amma na ci tuwo ranar, kuma tuwon ya yi daɗi.

Kafin wata uku na koma wani ƙauye wajen Issawane, da rawani da tasbaha. Ni da ko izu biyu ban haɗa ba! Na tara mutane na ce farin nan hukunci ne, ruwa ba zai sauka ba sai kowa ya sauke kayansa. Wato ya shigo bukkata shi kaɗai, ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. A bayan buzuna akwai ƴar rediyo mai ɗaukar magana. Wanda ya ce zai fita daga cikinmu, in ja shi gefe in kunna masa muryarsa. Wanda danginsa suka yi surutu, in hana shi ko gaisawa da su.

A cikin mutanena akwai wata tsohuwa, Inna Tsahara. Kullum sai ta kawo mini kwaɗon tafasa, tana cewa, "Ci, ɗana, ka rame." Ranar da ta shigo sauke kaya ta zauna a gabana. Can ta ce jikarta Rabi ta rasu cikin yunwar nan, alhali akwai tukunyar iri binne a ƙarƙashin gadonta.

"Malam, ni na kashe ta?"

Ni ɗan manomi ne. Na san a ƙasarmu ko yunwa ta kai ina, ba a taɓa iri, don shi ne ran gida gaba ɗaya a baɗi. Na kuma san ƙyanda ce ta ɗauki yarinyar. Na dubi tsohuwar nan da ke ce mini ɗana, na ce, "Eh, Inna. Sai kin fitar da shi za a yafe miki."

Ta tono tukunyar, ta ɗauko a ka har bukkata. Da sauran suka gani, kowa ya kawo nasa. Na sayar da shi a kasuwar Mayahi.

Ɗanta Sale, uban Rabi, ya dawo daga cin rani ya tarar da haka. Ya ce, "Inna, mutumin nan ɓarawo ne!" Na kira ta na kunna mata kasat, na ce in ta sake yi masa magana, uban Rabi zai ji da kunnensa. Ta koma ta saki asabari a fuskar ɗanta. Shi ya je ya kawo jandarma. Ranar da aka jefa ni a mota an kwana ana ruwa. Na ga mutane tsaye a gonaki, ƙasa ta jiƙe sharkaf, babu abin shukawa.

Shekara shida na yi a gidan kaso. Da na fito na koma Tasawa ina dako. Wata ranar kasuwa, wajen mai shayi, tele, wato talabijin, ta nuna labarin wata ƙungiya a ƙasar Turawa. Su ma suna zaunar da mutum su kwashi asirinsa su ajiye, su raba shi da danginsa. Wata mata tana kuka, wai uwarta ta yi shekaru ba ta amsa mata ba. Mutane suka kwashe da dariya: "Kai, Turawa da duk bokonsu!" Ni na ajiye shayin. Su da benaye da injuna, ni da buzu, amma aikin ɗaya ne.

Jandarma sun kwashe kasat duka sai na Inna, don bayan na kunna mata na ɓoye shi a akwatin kayan gyarana, ba na iya sauraronsa. Na ɗauko shi na hau mota zuwa ƙauyen.

Hatsi ya fitar da kai lokacin. Na same ta a bakin gona, ido ya tafi, Sale na gefenta. Ina yin sallama ta ce, "Malam ne?"

"Inna, ni ba malam ba ne. Kuma amsar da na ba ki ƙarya ce. Ba ke kika kashe Rabi ba."

Hawaye suka bi kumatunta. Ta ce ranar da aka kama ni ta faɗa wa Sale komai, shi kuwa ya ce, ai shi ya haƙa ramin tukunyar da hannunsa. "Amma daga bakinka nake jira in ji, ɗana. Sale, ba shi ruwa."

Sale ya ba ni ruwan, bai ba ni hannu ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya karɓi kasat ɗin ya fasa, ya zare zaren duka, ya ɗaure shi a kan sanduna saman hatsi don korar tsuntsaye.

Na tuba, na koma gyaran rediyo. Ku ji ni da kyau: duk wanda ya nemi asirinku da sunan Allah, ko ya ce ku juya wa iyayenku baya, ku tashi ku bar wurin, ko da ruwa ne ya yi muku alkawari. Kuma in wani ya kawo muku ciwon zuciyarsa, kada ku mai da shi hanyar cin abinci. Inna ta yafe mini. Amma shekarun da ta yi tana jiran kalma ɗaya daga bakina, ba ni da inda zan samo su in mayar mata.