Muryar Adda Sabuwa

A bakin kasuwar Jimeta akwai wata siririyar dattijuwa mai sayar da yakuwa, wayarta ɗaure da roba. Da alama gudun Boko Haram ne ya kawo ta garin. Kafin ta buɗe zauren WhatsApp na matan Islamiyyarsu da suka warwatse, sai ta gyara hijabi ta tuɓe takalmi, kamar mai shiga ɗakin malam.

Yau tana sauraro sai wata sabuwar murya ta yi sallama. Dattijuwa ta yi zumbur ta miƙe, yakuwa ta watse.

"Adda Sabuwa! Ashe kina raye? Mun yi zaman makokinki fa!"

Sai zuba take yi wa waya, tana rawa tana hamdala. Maƙwabciyarta Fidelia mai kifi ta ce, "Goggo, danna mana! Ba ta jin ki!"

Ta danna, amma kuka kawai ta aika. Can amsar Adda Sabuwa ta iso cikin dariya: "Zuhra, ke ce! Wallahi ko a Arfa na ji kukan nan zan gane shi."