Tambarin Maiwada a Bayan Taswirar Sin

Duk wanda ya zauna Funtua a shekarun saba'in ya san rumfar Maiwada baduku, can bayan 'yan auduga, inda warin jima ke tarbar mutum tun kafin ya hangi mai rumfar. Mutumin Tsiga ne. A hannun kawunsa ya koyi dukanci, ya shigo Funtua da basilla da wuƙa da taurin kai. Yana ɗinka kube da takalmi, amma gyaran littattafan malamai ne ya fitar da sunansa. A kawo masa littafi a warwatse, ɓera ya ci nan, gara ta ci can, ya jera takardun, ya datse gefensu su daidaita, ya yi musu sutura ta jar fata, ya zura a gafaka. Daga ƙarshe ya buga tambarinsa a baya, wani ɗan ƙarfe mai zanen sawun zabo da ya gada a wurin kawun.

Abu biyu ba ya wasa da su. Aiki ba ya fita daga rumfarsa da yagaggen gefe, ko mai shi ya ce a bari. Kuma duk guntun da ya datse, in dai akwai rubutu a kai, ba ya taɓa ƙasa: a kasko yake ƙona shi, ya binne tokar a gindin katanga, don kada a taka sunan Allah. Matarsa Hansai kan tsokane shi cewa da zai samu dama, da ita ma ya datse mata gefe.

A farkon shekarun tamanin, cikin damina, Malam Bitrus ya zo masa da baƙo. Bitrus ɗan wajen Malumfashi ne, akawu a masaƙa, kuma Maiwada ya taɓa gyara masa Littafi Mai Tsarki na mahaifinsa. Baƙon wani dattijo ne ɗan ƙasar Sin, mai gyaran injunan saƙa, ana kiransa Mista Liyang. Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba, don haka Bitrus ke fassara.

Dattijon ya warware wata takarda a hankali, kamar mai buɗe fuskar jariri. Taswira ce, ta yi launin ƙasa don tsufa, danshin damina ya fara cin ta. Ya ɗora yatsa a kan wata ƙasa mai tsini, ya dubi Maiwada.

"Baba, ya ce nan ne mu," in ji Bitrus. "Wai gadon kakansa ce. Ya ce mutanensu sun zo gaɓar ƙasar baƙar fata da manyan jirage tun kafin Bature ya san hanya, kuma wannan takarda ce shaidarsa. In ya koma gida zai kai wa masana su duba. Yana so ka yi mata baya na fata kada ta ƙarasa lalacewa."

Ko mutanen Sin sun riga Bature ko ba su riga shi ba, wannan bai dami Maiwada ba, don dukansu ba su zo Tsiga ba. Abin da ya tsaya masa a ido shi ne gefen dama. Ya yage, ya yi baƙi, ƙwari sun huda shi, ga wani siririn rubutu ya gangaro daga sama da ɗan jan hatimi a ƙarshensa. Bai tambaya ba. Baduku mai tambari ba ya tambayar mai kaya yadda ake aiki, haka yake gani a lokacin.

Ya zaɓi fatar akuya mafi laushi, ya dama ƙaro, ya shimfiɗa taswirar ba ko tattara ɗaya. Sannan ya aza katako, ya ja wuƙa. Gefen ya fita sumul. Da ya ga akwai rubutu a kan guntun, sai ya yi masa mutuncin da yake yi wa rubutun malamai: ya kai shi kasko, ya binne tokar. A ransa har yana jin ya kyauta wa baƙo.

Ranar karɓa, Mista Liyang ya warware fatar yana murmushi. Idonsa ya tafi dama, ya tsaya. Ya juya bayan, ya leƙa cikin gafakar da Maiwada ya zura ta, ya duba ƙasa. Sai ya zauna a kan turmin da ke bakin rumfar, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

Bitrus ya juyo ga Maiwada. "Baba, ina gefen?"

"Na ƙona shi. Ai ya ruɓe."

"Ya ce a nan aka rubuta zamanin sarkin da aka zana ta a cikinsa. Shi ne duk shaidar. In babu shi, kowa zai iya cewa bayan zuwan Turawa aka kwaikwaya."

Maiwada ya waiga gindin katangar da ya binne tokar. Da dattijon ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Amma mutumin bai ɗaga murya ba, sai shafa wurin yankan yake yi da yatsa. Can ya ce shi kansa bai taɓa tabbatarwa ba, don tsohon salon rubutu ne kuma ƙwari sun ci rabi, shi ya sa yake son masana su gani. Sai ya ɗauki guntun fata, ya zana alamun zamanin sarakuna biyu: na kafin zuwan Turawa a sama, na bayan zuwansu a ƙasa.

"Ya ce kai ne na ƙarshe da ya kalle shi da kyau," in ji Bitrus. "Ka tuna. Wanne ya yi kama da abin da ka gani?"

Maiwada ya duba. Wallahi duka biyun tamkar tonon kaji suke a wurinsa. Lokacin da yake yankan, layin wuƙarsa yake kallo, ba rubutun ba. Amma ya lura da babban yatsan dattijon yana kan na sama. Mutum ne da ya yi wa ɓarna a rumfarsa, baƙo kuma, mai furfura, nesa da gida. Kunya ta rufe shi. Ya nuna na sama.

Fuskar Mista Liyang ta washe kamar an yi masa albishir da haihuwa. Ya riƙe hannun Maiwada da hannu biyu. Sannan ya roƙi abu ɗaya: shi da kansa zai rubuta a bayan fatar cewa wanda ya gyara ta ya ga wannan zamani a gefen da idonsa, Maiwada kuma ya buga tambarinsa a ƙasan rubutun. Maiwada ya ɗauko ƙarfen, ya buga. Bai taɓa jin guduma ta yi masa nauyi haka ba.

Bai gaya wa kowa ba sai Hansai, ita ma sai bayan kaka. Ta daina tankaɗen da take yi ta dube shi. "Malam, yankan kuskure ne, Allah ya gani. Na biyun fa?"

Ya yi niyyar zuwa masaƙa ya warware maganar. Ya taɓa kaiwa har bakin ƙofa, ya hango dattijon yana dariya da ma'aikata, ya juyo. Ya ce sai an gama cirar auduga. Aka gama, ya ce sai bayan azumi. Kafin ya gama jan ƙafa, Bitrus ya biyo ya shaida masa cewa Mista Liyang ya koma ƙasarsu, kuma ya bar masa gaisuwa ta musamman, yana kiransa mutum mai gaskiya.

Maiwada ya ci gaba da dukanci har idonsa ya fara rauni, amma masu kawo aiki sun ga canji. Ya koma mai yawan tambaya, har yana gundurar mutane: wannan gefen a taɓa ko a bari, wannan ɗigon na mene ne. Littattafai suka riƙa fita daga rumfarsa da yagaggun gefuna, an lallaɓa su da ƙaro kawai. In rediyo ya ambaci ƙasar Sin, sai ya ajiye basilla ya kasa kunne, yana fargabar ya ji wasu masana can sun gina magana a kan shaidarsa, ko sun ƙaryata dattijon a bainar jama'a saboda shi. Bai taɓa jin ko ɗaya ba, kuma rashin jin bai ba shi natsuwa ba.

Wata rana Bitrus ya kawo masa littafin waƙoƙin coci. Da ya zo karɓa ya juya bayan, ya ga fata fes, babu sawun zabo.

"Baba, ka manta tambarin."

"Ban manta ba, Malam Bitrus," in ji Maiwada, idonsa a kan ɗinkin da ke hannunsa. "Tun ranar taswirar Mista Liyang ban sake buga shi ba. Yana can Sin yana rantsuwa a kan abin da ban gani ba."