Farin Garin da ke Cikin Firigo

Shekarar da na yaye ɗiyata, shara da wankin kwalabe nake yi a labo, ɗakin gwajin jini, can likita ta Dogon Dutsi. Akwai wani firigo a lungu da aka hana ni ko share bayansa, kada in taɓa wayar kuran, wato lantarki. Cikinsa 'yan kwalabe ne kamar ɗan yatsa, kowace da farin gari a gindi, bai kai a lasa ba. Madam mai aiki da su ta ce sunansu peptid, masu bincike suka kawo daga Yamai.

Ina shara, ina satar kallonta. Ba ta taɓa su sai da safar hannu. In ta fiddo ɗaya, ba ta buɗewa sai sanyin ya sake ta, wai kada raɓa ta shiga. In ta jiƙa garin, sai ta rarraba shi kaɗan-kaɗan, don wanda ya narke ba a maida shi ƙanƙara. Ko hasken taga ba ta bari ya same shi.

Haka kakata take yi da maganin Doguwa a Dumega, ba ya ganin rana, ba kowane hannu ke taɓa shi ba. Na ce a raina, abin da ake yi wa irin wannan ladabi ba ƙaramin magani ba ne.

Da damina masassara ta kama yarinyar. Ban kai ta layin awo ba, inda kowa ƙwaya iri ɗaya ake ba shi. Na yi ta jiran in samu Madam ita kaɗai, har yarinya ta daina karɓar kunu. Ranar nan na goyo ta, na durƙusa gaban firigon, ga mutane a tsaye.

"Madam, don Allah ki sam mini, ko kan tsinke ne."

"In sam miki me?"

Na nuna.

"Ke, tashi. Wannan ba magani ba ne, ko akuya ba a ba ta shi. Gwaji ake yi da shi. Tun yaushe take haka?"

Na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Da kanta ta kwance yarinyar daga bayana, ta soki yatsanta. Zazzaɓin sauro ne, ya yi nisa.

Mai ɗaura mata ruwa ya dube ni ya ce, "Ba ke ce mai shararmu ba? Ƙofa biyu ce fa tsakaninki da mu."

Yarinya ta tashi, alhamdu lillahi. Da ta buɗe ido ta nemi kunu, ina ba ta, na kasa duban fuskarta.