Sunan Umma a Jikin Fulas

Watan nan Umma take cika shekara bakwai da rasuwa. A Kano aka binne ta, amma a Guangzhou nake jin rashinta, domin a nan muka yi zaman da na fi tunawa, a nan kuma ta bar mana abin da ya fi komai nata daraja, wato sunanta. Malama Rakiya ake ce mata. Da matan da ke zuwa saro suka yi ta cewa "a ba ni irin na Malama", sai kalmar ta koma tambari a jikin fulas ɗin shayi da kulolin abinci da ake kai wa kasuwannin gida. Bana saura ƙiris a buga wannan suna a jikin kayan da ita da kanta za ta mayar wa mai su. Shi ya sa a wannan karon ban tsaya ga addu'a a cikin ɗaki ba, na ce bari in faɗa wa mutane ko wace ce ita.

Malamar fiziks ce a wata makarantar 'yan mata a Kano kafin aikin Baba na tura kaya ya kawo mu ƙasar Sin. Ina firamare a lokacin. Baba yakan wuni can wajen filin jirgin Baiyun yana fama da kwalaye da jirage, ita kuwa ta wayi gari ba aji, ba allo, ba yaran da za su miƙe su gaishe ta. Na sha ganinta da safe ta shirya tsaf kamar mai fita, sannan ta zauna a bakin taga tana kallon ruwan sama. Ba ta taɓa yin ƙorafi a gabana ba. Abin da ta yi shi ne ta mai da garin ajinta, ni kuma ɗalibarta tilo.

A jirgin ƙarƙashin ƙasa takan ce in sassauta riƙon ƙarfe idan mun kusa tasha. Jirgi ya ci birki, in tafi gaba luu in faɗa jikinta, ta tare ni tana dariya. "Wa ya tura ki?" In ce ba kowa. Ta ce, "To haka ne. Jirgin ne ya tsaya, ke ba a tsayar da ke ba. Duk abin da ke tafiya, tafiyarsa zai ci gaba da yi har sai wani ƙarfi ya hana shi." Da sanyi ya shigo, irin sanyin nan na Guangzhou mai laima da ke bin mutum har cikin bargo, sai ta sa na taɓa ƙarfen gado da katakon tebur in faɗi wanda ya fi sanyi. Na ce ƙarfe. Ta ce ɗaki ɗaya suka kwana, sanyinsu ɗaya, ƙarfen dai ya fi saurin sace ɗumin hannuna ne. Na daɗe ina kallon tafin hannuna ranar, ina mamakin ashe ni ma wata 'yar murhu ce da ke ta rabon zafi ba ta sani ba.

Gidanmu masaukin Hajiyoyi ne. Daga Kano suke zuwa, wasu daga Zinder, wasu daga zangon Kumasi, su sari atamfa da riguna a kasuwar Shisanhang, su kuma nemi kayan kicin na amare. Umma ta fara raka su kasuwa don kawai ta fita ta sha iska. A nan ta ga yadda suke zaɓen fulas. Mace za ta buɗe murfi, ta kara bakin a kunne, ta lumshe ido. Idan ta ji yana "wuu", ta ce wannan mai rai ne. Wata ta ɗaga ta ji nauyi, ta ce wannan ba ya wasa. Idan mai shago ya zuba ruwan zafi don gwaji, su shafa jikin, su ji ɗumi, su yi ta murna: "Kin ji yadda ya ɗauki zafi nan da nan?"

Wata rana Umma ta kasa daurewa. Ta ɗauki wani kofi da babu komai a ciki ta kara wa Hajiya Maimuna ta Kumasi a kunne. Hajiya ta ji "wuu". Umma ta ce, "To Hajiya, sai ki sari kofin nan ki kai wa amare su ajiye ruwan zafi." Aka kwashe da dariya, Hajiya Maimuna tana cewa, "Ke Malama, ba ki da kirki, a gaban Sinawa za ki tona ni?" Sannan Umma ta nemi a cika fulas biyu da tafasasshen ruwa, a rufe, a kawo shayi. Ta ce ba ciniki sai an sha shayi. Da aka gama, ta ce kowa ta shafa. Ɗaya da ɗumi, ɗaya kuwa sanyi ƙalau kamar ba a zuba masa komai ba. Duk suka nuna mai ɗumin. Ta girgiza kai. "Ɗumin da kuka ji a hannu, daga ina ya fito? Daga ruwan. Yana fita ke nan. Wanda ya riƙe zafinsa ba ya bari a ji a waje."

A tsaye a wannan shago ta yi darasinta na farko cikin shekaru, ni ina maƙale da gefen mayafinta. Ta ce zafi hanya uku yake bi ya gudu. Yana bin jikin abu, kamar yadda yake hawa ludayin ƙarfe da aka bari cikin miya. Yana hawa iska ko ruwa su tafi da shi, kamar tururin tukunya. Yana kuma tsallakawa da kansa ba tare da abin hawa ba, kamar yadda garwashi ke gasa fuskar mai zaune nesa da shi. Fulas na gaskiya bango biyu ne, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, don haka zafi ya rasa abin bi, ya rasa abin hawa. An kuma goge cikinsa kamar madubi don ya mai da wanda zai tsallaka. Ba wata kalma ta Turanci da ta fito daga bakinta. Na ga fuskarta ranar, kuma ban sake ganinta zaune a bakin taga da safe ba.

Mai shagon, wata Basiniya da kowa ke kira laoban, wato mai gida, ba ta ji Hausa ba, amma ta gane abin da ake yi. Daga ranar ta daina ce wa Umma madam, ta koma kiranta laoshi. Da na fassara mata cewa malama ke nan da yarensu, Umma ta gyara mayafi, ta ce mu tafi gida kada abinci ya yi sanyi. Cikin 'yan shekaru abin ya zama sana'a. Ƙaninta, Kawu Sabi'u, ya taso daga Kano ya kama mata, kuma shi ya riƙe harkar bayan ciwo ya mai da ita gida ta rasu.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga garin yanzu. Motoci sun koma na lantarki, suna wucewa shiru kamar masu jin kunya. Na san da sai ta tare wani direba ta tambaye shi ina ƙarfin tafiyar yake zuwa idan ya taka birki, kuma da ta ji cewa wani ɓangarensa batir yake komawa maimakon ya ƙare a zafin taya, da ta yi kwana uku tana ba kowa labari. Da ta ji daɗin ganina a jami'a ina karanta injiniyanci, ko da yake na tabbata da ta ce har yanzu ina yawan kallon gajimare a lokacin lissafi. Abin da ba na jin zai yi mata daɗi shi ne yadda saro ya koma. Hajiyoyi da yawa sun daina zuwa. Tafiyar ta yi tsada, biza ta yi wuya. Ta waya ake nuna musu kaya, su ga fure da ƙyalli su zaɓa. Waya tana kai hoto, tana kai murya, amma ba ta kai ɗumi. Ba mai shafawa. Abin da ya maye gurbin tafin hannunsu shi ne wannan kalma guda da ke jikin kayan.

Kwanakin baya Kawu ya ce in raka shi wajen laoban, a wani babban ginin 'yan sari kusa da titin Liuhua Lu. Sinancinsa na farashi ne da gaisuwa, don haka ni ce bakinsa idan magana ta yi tsawo. A hanya ya yi ta ba ni labarin yadda kasuwa ta tsaya a gida, mutane suna son kaya amma hannu bai kai ba, wasu kuma sun shigo da masu araha sun kwashe masa abokan ciniki. Na san gaskiya yake faɗa. Yana da iyali, yana da yara a shago a Kano da ke jiran albashi.

Laoban ta fito da sabon samfur. Kyakkyawa ne ƙwarai, ruwan zuma da furanni, kuma har an riga an buga "Malama" a jikinsa da ruwan zinariya. Ba ta ɓoye komai ba. Ta ce tsakanin bangon soso ne aka cusa, ba a zuƙe iska ba, shi ya sa ya yi sauƙi. Na fassara wa Kawu kalma da kalma. Ya ce, "Na ji." Ni kuma, ba tare da na yi shawara da kowa ba, na roƙe ta ta cika shi da ruwan zafi, ta kawo mana shayi. Ta dube ni, ta yi murmushi, ta ɗora buta.

"Safiyya, ba sai kin yi min darasi ba," in ji Kawu. "Ni na riƙa ɗaukar wa Yaya jaka tun kina shan majina."

"Ban ce komai ba, Kawu."

"Ai shi ne abin. Ita ma haka take farawa."

Muka sha shayi. Ya miƙa hannu ya ɗauki fulas ɗin da kansa, ya riƙe shi a tafukansa biyu. Ban buƙaci taɓawa ba, fuskarsa ta gaya min. Ya ce, "Na sani, 'yar nan. Amma yana riƙe zafi na ɗan lokaci, ba wai ba ya yi ba ne. Kuma wa zai shafa? Gaya mata a buga, mu tafi."

Ni ba mai musu ba ce, ko a aji ba a cika jin muryata ba. Kuma Kawu shi ya tsaya min tun rasuwar Umma, shi yake zuwa makaranta idan Baba yana tafiya. Amma na tuna matar da za ta cika wannan fulas da dare saboda madarar jariri, ta buɗe da asuba ta tarar da ruwa ya huce, ta juya shi ta karanta sunan wadda ta yaudare ta. Na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Duk abin da ka ce in faɗa mata zan faɗa, ban da wannan. Bakina ba zai iya ba. Sai dai ka faɗa da kanka."

Ya iya faɗa. Kalma biyu ce da Sinanci, kuma ya san su. Laoban tana tsaye da biro a hannu tana duban mu ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya daɗe yana juya fulas ɗin, yana shafa rubutun da babban yatsa. Can ya ajiye shi, ya goge hannu a rigarsa, ya dubi laoban ya nuna sunan, ya ce, "Meyo." Babu. Sannan ya juyo gare ni. "Gaya mata zan ɗauki waɗannan, amma ba suna, kuma a rubuta a kwali cewa na soso ne. Mai son araha ya san abin da ya saya. Na Yaya kuma a yi su yadda aka saba, ko da kaɗan ne."

Na fassara. Laoban ta gyaɗa kai, ta ce da ma ta yi mamaki. A cikin lif Kawu bai kalle ni ba, ya ce, "Taurin kan Yaya sak, sai dai ke an haɗa miki da muryar mage. Allah ya taimaki mijinki."

Wata ƙawata a jami'a ta taɓa yi min ta'aziyya da dokar nan da ake koya wa 'yan sakandare, cewa makamashi ba ya ɓacewa, kama kawai yake sauyawa, don haka Umma tana nan a wani wuri. Na gode mata, amma na san Umma ba za ta yarda ba. Da ta ce dokar ta tukunya ce da inji da rana, kada a ɗora mata kayan da ba nata ba, mamaci addu'a yake buƙata. Saboda haka ba zan yi mata ƙarya da iliminta ba. Ta tafi, kuma ɗumin hannunta ya tafi tare da ita.

Ba makarantar da aka sa wa sunanta, ba ta rubuta littafi ba, ɗalibanta na Kano sun watsu cikin duniya ban san inda suke ba. Abin da na iya aunawa shi ne wannan: ta koyar da abu ɗaya da kyau har ya kai mutumin da kasuwa ta matse ya kasa furta kalma biyu, shekara bakwai bayan ba ta nan. Kayan da za su sauka Kano bana ɗauke da sunanta ba su kai na bara yawa ba, kuma Kawu ya ce mai yiwuwa na baɗi su fi haka raguwa. Ban taɓa alfahari da raguwar wani abu irin wannan ba.

Allah ya jiƙan Malama Rakiya, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta.